Tambaya: yaya dala 500,000 na Peter Thiel suka zama biliyan?

Ɗan Barnawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana cewa Peter Thiel, attajirin nan mai zuba jari a Amurka, ya zuba dala 500,000 a Facebook ya kwashi sama da biliyan ɗaya. Ina ya samo jarin tun farko? Riba ake raba masa duk shekara ko yaya? Kuma mai ɗan kuɗi a nan Kaduna zai iya yin haka da yaranmu masu rubuta manhaja?

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam. Jarin daga PayPal ya fito, kamfanin biyan kuɗi ta intanet. Yana cikin waɗanda suka kafa shi, shi ke shugabantarsa lokacin da eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ta saye shi a 2002 kan dala biliyan 1.5. Kasonsa bai kai 4 cikin 100 ba, ya tashi da kusan dala miliyan 55. A 2004 ya ba Facebook bashin dala 500,000, aka mayar masa da su hannun jari, wajen kashi 10 cikin 100.

Babu ribar da aka raba masa. Kamfani mai tasowa duk abin da ya samu ciki yake komawa. Sai a Mayun 2012 da Facebook ta shiga kasuwar hannun jari kan dala 38 kowane hannun jari ya sayar da kaso mai yawa. Da aka sake buɗe masa ƙofar sayarwa a watan Agusta, farashin ya faɗo wajen dala 20, haka ya sayar da mafi yawan ragowar. Shekara takwas ke nan yawancin dukiyar tana kan takarda.

Hajiyar Unguwar Rimi:
Ƙanena, ka kula da abin da ke cin masu ƙaramin jari: kaso yana raguwa. A ce kamfani na da hannun jari 1,000, naka 100, wato kashi 10. Sabon mai kuɗi ya shigo aka ƙirƙira masa 250. Naka na nan 100, amma yanzu cikin 1,250, ka koma kashi 8. A yi haka sau uku ka ga inda ka tsaya. Shi ya sa tun ranar farko ake sa lauya ya rubuta cewa duk lokacin da za a ƙara jari kana da haƙƙin sayen rabonka.

Kuma kada ka biya sai ka ga sunanka cikin masu hannun jari a takardun CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Su ma yaran a ɗaure nasu kason, ya riƙa zama nasu a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya fice kafin shekara guda ya tafi hannu rabbana. In ba haka ba, ɗaya ya samu aiki a Legas ya tafi da rabin kamfani a aljihu.

Alhajin Tudun Wada:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, shi ma Thiel ya sha ƙasa: asusunsa na zuba jari mai suna Clarium ya riƙe biliyoyin dala a 2008, bayan shekara uku bai kai ko biliyan ɗaya ba. Yawancin kamfanoni masu tasowa mutuwa suke yi, don haka a raba kuɗin wuri goma ko fiye, kuma ya zama kuɗin da in ya salwanta cefanen gida ba zai tsaya ba.

Babbar matsalarmu ita ce wa zai saya daga hannunka. Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ta sayi takwararta ta Najeriya Paystack a 2020 kan sama da dala miliyan 200, amma irin wannan ciniki kaɗan ne a Najeriya. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya karanta takardar da kyau, domin bashin da ake mayarwa hannun jari yakan zo da kuɗin ruwa. Takardar SAFE, yarjejeniyar ba da kuɗi yanzu a karɓi hannun jari nan gaba, wadda cibiyar renon sababbin kamfanoni ta Y Combinator ta fito da ita a 2013, ba ta da ruwa, amma duk da haka a kai wa malami da lauya su duba kafin a sa hannu.