Tsofaffin wasannin kwaikwayo: a buɗe ƙofa kyauta ne, ko a fara da koyarwa?

Malama Mai Koyar da Adabi:

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin masu nazarin wasan kwaikwayo a kan ƙungiyoyin da ba neman riba suke yi ba, waɗanda suka ɗauki nauyin kai wasannin tsofaffin marubuta irin su Shakespeare na Ingila, da Sophocles na Girka, da Molière na Faransa ga mutanen da ba su saba shiga gidan wasa ba. Idan kuɗin ƙungiya bai taka kara ya karya ba, wanne ya kamata ta fifita, nuna wasa kyauta ko shiga makarantu domin koyarwa? Sannan ya halatta a sauƙaƙa harshen waɗannan wasanni, ko kuwa yin haka ɓata su ne?

Mai Bin Tarihin Dandamali:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai ina ganin ƙofa ce ya kamata a fara buɗewa, domin wanda bai taɓa ganin wasa a dandamali ba, duk bayanin da za a yi masa a aji zai saurare shi ne kamar labarin garin da bai taɓa zuwa ba. Joseph Papp, wani mai shirya wasan kwaikwayo, ya kafa ƙungiyarsa a birnin New York na Amurka a 1954, ya kuma dage a kan cewa a riƙa nuna Shakespeare kyauta, kamar yadda ake aron littafi a ɗakin karatu na jama'a. A 1959 shugaban kula da wuraren shaƙatawa na birnin, Robert Moses, ya nemi a riƙa karɓar kuɗin shiga da hujjar cewa 'yan kallo na lalata ciyawar Central Park, filin shaƙatawar da ake nuna wasan a cikinsa. Papp ya kai ƙara, kotu kuma ta ba shi gaskiya. A 1962 aka buɗe dandamalin Delacorte a cikin Central Park, inda aka ci gaba da raba tikiti ba tare da biyan ko kwabo ba.

Sai dai kyautar da ɗan kallo yake samu wani ne ya biya ta, tunda 'yan wasa da masu ɗinkin tufafi da masu haɗa fitilu duk suna da haƙƙi. Irin wannan ƙungiya tana rayuwa ne da gudummawar gidauniyoyi, da tallafin gwamnati, da kuɗin wasannin da ake sayar wa tikiti, kuma duk rarar da aka samu aikin take komawa, ba aljihun kowa ba. Wasan *A Chorus Line*, wanda ya fara a gidan wasan Papp a 1975 kafin ya koma Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kasuwanci ta New York, ya shafe shekaru yana ciyar da sauran ayyukan ƙungiyar. Ko a tsohon birnin Atina na Girka, attajiran gari ake ɗora wa nauyin horar da rukunin mawaƙan wasa.

Tsohon Ɗan Wasa:

Ɗan'uwa ya yi bayani mai gamsarwa, amma na ɗan saɓa masa. Tikitin kyauta sau da yawa yakan faɗa ne hannun wanda dama yana son wasan kuma yana da lokacin bin layi, wanda kuwa yake ganin abin ba nasa ba ne ko an ba shi ba zai zo ba. Shi ya sa nake fifita koyarwa, da sharaɗin kada ta zama karatun allo. A 2008 ƙungiyar Royal Shakespeare Company ta Ingila ta fito da kira ga makarantu mai ƙunshe da abubuwa uku: yara su yi wasan a tsaye, su gan shi ana yi a gabansu, kuma a fara musu tun suna ƙanana.

Ga yadda abin yake a aikace, Malama. A ture tebura gefe, a tsayar da yarinya ɗaya a matsayin Antigone ta wasan Sophocles, wadda ta binne ɗan'uwanta duk da hanin sarki, a tsayar da yaro a matsayin Sarki Creon, sauran 'yan aji kuma kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake ganin shi ke da gaskiya. Duk lokacin da ɗayansu ya faɗi jimlar da ta yi nauyi, wanda ya gamsu yana da damar sauya sheƙa. Kafin a tashi za ki tarar yaran suna gardama a kan dokar hukuma da haƙƙin zumunci, ba tare da an ce musu wannan ne jigon wasan ba. Da irin wannan hanya ta saka mutum cikin wasan da kansa shirin Shakespeare Behind Bars yake aiki da fursunoni a jihar Kentucky ta Amurka tun 1995.

Mai Nazarin Fassara:

Tambaya ta biyu ce ba a taɓa ba. A 2015 ƙungiyar Oregon Shakespeare Festival ta Amurka ta ba marubuta aikin mayar da wasannin Shakespeare zuwa Ingilishin zamani, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, domin wasu masana na ganin daɗin wasannin a cikin lafazinsu yake. Amma fassara ba baƙon abu ba ce a wannan fage: Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, ya mayar da *Julius Caesar* na Shakespeare zuwa Swahili a 1963, kuma a 2012 gidan wasan Globe na Landan ya gayyaci ƙungiyoyi daga sassan duniya suka nuna wasannin Shakespeare 37 cikin harsuna daban-daban.

A nawa ra'ayin, idan masu kallo suna jin harshen asali, rage tsawon wasa ya fi canza kalmominsa, tunda cikakken *Hamlet* na Shakespeare yana cin kusan awa huɗu, kuma masu ba da umarni sun daɗe suna datse shi. Idan kuwa ba sa jin harshen, a ba mawaƙi fassarar, a kuma sa 'yan wasa su furta ta da ƙarfi a wurin gwaji, domin jimlar da ta yi kyau a takarda tana iya shaƙe mai faɗinta.

Malama Mai Koyar da Adabi:

Na gode muku ƙwarai. Malam Tsohon Ɗan Wasa, ina roƙon ka ƙara haske a kan yadda ake gudanar da wannan darasi na Antigone a ajin da ɗalibansa suka yi yawa, musamman yadda za a sa masu jin kunya su buɗe baki.