Mota ɗaya, direba biyu: yaya ake sa kowane rimot ya kira kujerar mai shi?

Mai RX:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Lexus RX 350 ce ta 2013, mutum biyu ke tuƙa ta, ɗaya dogo ɗaya gajere, kowa da rimot ɗinsa. A jikin ƙofar direba akwai maɓallan SET, 1, 2, 3. An saita 1 da 2, kuma in an danna da hannu kujera tana tafiya daidai. Abin da ake so shi ne kowa ya buɗe da rimot ɗinsa, kujera da madubi da sitiyari su koma nasa da kansu. Yanzu ko da wane rimot aka buɗe, lamba 1 take kira, wani lokacin ma ba ta motsi sam. Saiti ne ko lalacewa? Sannan in su biyun suka fita tare, kowa da rimot a jikinsa, wa motar za ta bi?

Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda maɓallan suna aiki da hannu, injinan kujera da na'urar da ke riƙe saitin lafiyarsu ƙalau. Haɗin rimot da lamba ne bai yi daidai ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa: motar ba ta san mutum ba, rimot ta sani. Shi ma rimot ɗin babu saitin kujera a cikinsa. Saitin yana cikin motar, a lamba 1, 2 ko 3, aikin rimot kawai ya ce “ni ne wane”, ita kuma ta duba lambar da aka ɗaura masa. Saboda haka aiki biyu ne daban, adana zama a lamba, sannan ɗaura rimot a kan lambar. Yawancin mutane na farkon suke yi su tsaya. Ga dukkan alamu wanda ya riƙe motar kafin ku ya ɗaura rimot biyun a lamba 1.

Adana zama: giya a P. Danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da taka birki ba, har fitilun dashbod su kama. Daidaita kujera, sitiyari da madubin gefe biyu. Danna SET, cikin daƙiƙa 3 ka danna lambar da kake so har ka ji ƙara. Duk abin da ke lambar a da ya goge ke nan.

Ɗaura rimot, nan ake yawan kuskure. Rimot ɗaya tak zai kasance cikin motar, ɗayan a kai shi cikin gida, ba a aljihun wanda ke tsaye a gefen mota ba. Rufe ƙofar direba, giya a P, dashbod a kunne kamar ɗazu. Danna lamba 2 kujera ta je wurinta ta tsaya. Sai ka riƙe lamba 2 da yatsa ɗaya, da ɗaya hannun ka danna maɓallin kulle ƙofa na jikin ƙofar direba, ɓangaren kullewa ko na buɗewa duk ɗaya ne, ka riƙe har ta yi ƙara sau ɗaya. Shi ke nan. Kashe, fita, kulle, kawo ɗayan rimot ɗin ka maimaita da lamba 1. In ana son kwance haɗin, SET ake riƙewa maimakon lamba, a danna maɓallin kulle ƙofar har ta yi ƙara sau biyu.

Gwaji: bar kujera a zaman ɗaya mutumin, kulle motar, buɗe da rimot, sannan ka buɗe ƙofar direba. Buɗe ƙofar ce ke sa ta fara motsi. Kada ka damu in ka ga kujera ba ta ƙarasa gaba ba, an yi ta ne ta bar wa mutum wurin shiga, sai an ɗaura bel ko an danna maɓallin tayarwa take ƙarasawa.

Batun “wani lokacin ba ta motsi”: in an buɗe motar ta hanyar taɓa hannun ƙofar fasinja, ba za ta kira zaman kowa ba. Haka in kujerar tana can a lambar da rimot ɗin ke kira, ina za ta je?

Masu ES 350 ta 2007 zuwa 2012 su lura, tasu hanyar daban ce: mota a kashe, ƙofar direba a rufe, a riƙe lambar, a danna maɓallin kullewa ko buɗewa na jikin rimot ɗin kansa har ta yi ƙara.

Hajiya Mai Accord:

Malam Mai Wayarin ya gama da Lexus. Bari in ƙara na Honda don masu karantawa, sannan batun fita tare.

Accord ta 2013 zuwa 2017 mai kujerar adana zama ba ta buƙatar wannan ɗaurin. Juya bayan rimot, za ka ga an rubuta Driver 1 ko Driver 2, kowanne lambarsa yake kira tun daga kamfani. Kunna dashbod, daidaita kujera, danna SET, cikin daƙiƙa 5 ka riƙe 1 ko 2 har ta yi ƙara biyu. In har yanzu ba ta bin rimot, shiga saitin mota a allo, nemi Memory Position Link, wataƙila an kashe shi. A wannan Accord ɗin kujera kaɗai take tunawa, ban da madubi, ban da matashin ƙugu. Kada a kai ta gareji a kan madubi.

Fita tare kuwa, rimot ɗin da ya buɗe motar shi ake bi, ba wanda ya zauna a kujerar direba ba. In mutum biyu suka tsaya kusa da ƙofa ɗaya aka kama hannun ƙofar, motar na kiran duk rimot da ke kusa, wanda ta fara ji shi ne nata. Maganinsa mai sauƙi ne: wanda zai tuƙa ya danna maɓallin buɗewa a rimot ɗinsa tun daga nesa, kada ya dogara da taɓa hannun ƙofa.

Abu biyu da nake roƙon a kiyaye, don ba na wasa ba ne. Na farko, in dogo ya zo bayan gajere kujera baya take yi, kuma ba ta ganin ƙafar yaron da aka riga aka zaunar a baya. Direba ya fara buɗe ƙofarsa kujera ta tsaya, sannan a saka yara. In ta fara tafiya ana son tsayar da ita, taɓa kowane maɓallin daidaita kujera, nan take za ta tsaya. Na biyu, shi gajeren kada ya adana zaman da ƙirjinsa ya matse sitiyari. A bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari saboda jakar iska. A ɗaga kujera sama, a jawo ta har ƙafa ta taka birki ƙasa gwiwa na ɗan lanƙwashe, sai a ɗan kwantar da jingina.

Sai tarkon da ke kama masu raba mota. An fita tare da rimot ɗaya, mai rimot ya sauka a wurin aikinsa da shi a aljihu, ɗayan ya karɓi tuƙi. Injin ba zai mutu ba, ƙara kawai za ta yi ta nuna babu makulli. Amma ana kashe ta a kasuwa ko gidan mai, ba za ta sake tashi ba. Kowa ya fita da nasa.

Mai Makullai:

Akwai wata dabara ga rimot ɗin Toyota da Lexus na baya-bayan nan: riƙe maɓallin kullewa, danna na buɗewa sau biyu, ƙaramar fitilar rimot ta ƙifta sau huɗu. Ya yi barci ke nan, mota ba ta jin sa sai an sake danna wani maɓalli. Fasinja ya kwantar da nasa, rikici ya ƙare. Sai dai Alhaji, kada ka sa rai da wannan a rimot ɗin RX ta 2013, na zamanin bayanta ne, shawarar Hajiya za ku bi.

Batirin rimot ɗinku CR1632 ne, na waccan Accord CR2032, duka bolt 3. Shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Kafin ya mutu gaba ɗaya yakan fara wasa, yau mota ta ji shi gobe ba ta ji ba, sai ta riƙa bin ɗayan rimot ɗin mai ƙarfi. A sauya duka biyu rana ɗaya. Kada a kwantar da rimot kusa da talabijin, caja ko waya, yana farkar da shi ya cinye batir. In ya mutu a hanya, zaro ƙaramin makullin ƙarfe na cikinsa ka buɗe ƙofa, taka birki, manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ta yi ƙara, ka danna.

Ga masu 'yar Kwatano da ta zo da rimot ɗaya suna neman na biyu: dubi lambar FCC, wato lambar shaidar nau'in rimot, da ke bayan naka, sabon ya zama lamba ɗaya. Yawancin rimot ɗin motocin Amurka a zangon sigina na 315 MHz suke magana, na Turai a 433, kamannin kwanso ba ya nufin komai. Rimot ɗin Toyota ko Lexus da aka taɓa yi wa rajista a wata mota sai an wanke shi da na'ura kafin ya karɓi sabuwa. Kuma a yi na biyun tun na farko yana hannu, in duka suka ɓata aikin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Bayan rajista dole a yi masa ɗaurin da aka bayyana a sama, ba ya zuwa da lamba.

Masu Ford, naku akwai MyKey: ana iya takura makulli ɗaya, a ƙayyade masa gudu kamar kilomita 130 a awa, sautin rediyo ya tsaya a kashi 45 cikin 100. Yana da amfani in yaro ko direban gida zai ɗauki mota. Amma sai da makullin da ba a takura ba ake cire takurar, don haka in takurarren ne kaɗai ya biyo motar, sai an yi sabo.

Mai RX:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗaurin ya yi, kowane rimot yana kiran lambarsa. Saura madubin dama, shi kaɗai ba ya komawa, ko da an danna lambar da hannu. Kujera kuma tana ɗan saɓa wurinta kaɗan.

Mai Wayarin:

Madubin, fara da tambayar ko an taɓa sauya shi. Mai tuna zama yana da na'urar auna matsayi a ciki da ƙarin wayoyi a soket. In an sace ko an fasa na asali aka sa na RX marar wannan tsarin, zai motsa da maɓalli lafiya lau amma ba zai taɓa komawa da kansa ba. A cire murfin ƙofa a ƙirga wayoyin soket ɗin dama a gwada da na hagu. In na asali ne, ƙura ce takan hana ma'aunin karantawa: juya gilashin sama, ƙasa, hagu, dama har ƙarshe sau da yawa, sannan ka sake adanawa. Ka kuma tabbatar ba ana cikin ribas aka daidaita shi ba, don wancan zaman na leƙen taya ne.

Kujera kuwa juyin injinta take ƙirgawa don sanin inda take. Tsabar kuɗi, murfin biro ko ƙasar hunturu a cikin layin dogonta na sa ta cije ta tsaya kafin wurin. Haka in aka kai ta ƙarshen layi aka ci gaba da danna maɓalli, zaman da aka adana yakan ɗan goce. Tura ta gaba ka share layin ta baya, mai da ta baya ka share ta gaba, shafa giris kaɗan, kada ya yi yawa ya tara ƙura, sannan ka sake adana 1 da 2. Ɗaurin rimot ba zai kwance ba, tunda lamba yake bi. Kana aiki ƙarƙashin kujera za ka ga soket ruwan ɗorawa, na jakar iska ne, kada a cire shi mota na kunne, in ba haka ba fitilar jakar iska za ta kama a dashbod, ƙila sai an sa kwamfuta kafin ta mutu.