Shek sante na masu ciki: da gaske 6000 kaɗai ake biya har a haihu?

Ango_Garwa:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar asibiti a nan arewacin Kamaru. Ni a Garwa nake, tela ne, mai ɗakina tana da juna biyu wata 3 ke nan kuma na fari ne, to matan gidanmu sun dame ni wai in je in saya mata shek sante, wato takardar nan ta gwamnati ta kula da masu ciki a asibiti, tun yanzu, wai sefa 6000 ne kawai kuma da shi za a yi mata awo da hoton ciki da haihuwa kai har in aiki ya kama wai ba zan ƙara ko dala ba. Ni kuma wlh abin bai shiga kaina ba, don bara da idona na ga yadda aka yi da yayana lokacin da matarsa ta kasa haihuwa da kanta, sai da ya sayar da babur ɗinsa cikin dare a wulaƙance kafin a shiga da ita ɗakin aiki, ga safar hannu ka saya ga zare ka saya ga ruwan ƙari ka saya. To ta yaya abin da ya ci babur zai koma 6000? Ko dai akwai lauje cikin naɗi? Sannan wani abokina ya ce ai yanzu CSU, wato tsarin gwamnati na kula da lafiyar kowa, ta zo ba sai na sayi komai ba rajista kawai zan yi, shi ya ƙara rikita ni. Wanda ya taɓa amfani da shi ya faɗa min tsakani da Allah. Na gode.

Maman Biyu, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya raba lafiya. Gaskiya ne ba zance ba ne, ni sau 2 na haihu da shi, na farkon lafiya lau na biyun kuma aiki aka yi min don yaron a gicciye ya zo, kuma maigidan bai biya kuɗin aikin ba. Abin da na sani yana ciki shi ne awo, gwajin jini da na fitsari, hoton ciki sau ɗaya, haihuwar kanta, aiki in ya kama, sannan bayan an sauka ana duba uwa da jariri har kwana 42, ka ga kusan daidai da arba'in ɗinmu ke nan.

Amma ka kula da abu ɗaya, ba kowane asibiti ne ke karɓarsa ba, sai wanda yake cikin tsarin. Kada ka saya sannan ranar naƙuda ku ɗauke ta ku kai wata kilinik ta kuɗi don tana kusa da gida ku ce ga shek, za su kalle ka ne kawai. Ka je wurin da za ta fara awo ka tambayi sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, ko majo, babban ma'aikatan jinya, kai tsaye, kuna karɓar shek sante? In sun ce e to nan za ka biya kuma ka tabbata an ba ka rasit. Kuma ka saya yanzu, duk awon da ta yi kafin ka saya daga aljihunka ne ba mai mayar maka. Matar yayanka ina kyautata zaton ba ta da shi ne, da yawa sai ciki ya tsufa ko an ga wuta ake tunawa.

Ta riƙa tafiya da takardar da karne ɗinta na awo kullum, ni a cikin leda nake sa nawa in cusa ƙasan jaka saboda ruwan sama.

Ɗan Kusiri:

Hmm Maman Biyu Allah ya yi miki gyaɗar dogo ne kawai. Malam ango ni dai ba zan ce kada ka saya ba amma kada ka je asibiti hannu rabbana wai don kana da takarda. Ni na saya wa iyalina, ranar haihuwa ƙarfe 2 na dare aka miƙo min ordonas wato takardar magani aka ce maganin ya ƙare a farmasinsu in nemo a waje, na ce ai muna da shek, aka ce e shek ɗinka na nan daram amma magani ne babu, to me za ka ce? Matarka na kwance tana juyi za ka tsaya gardama? Haka na hau moto na zaga neman farmasin da ke buɗe da dare na kashe wajen 14000. Washegari kuma jini ya yi mata ƙasa aka ce in kawo mutum 2 su bayar a madadin wanda za a sa mata, sai da na tayar da ƙannena daga barci. Kyautar gwamnati ai sai a hankali, a rediyo komai kyauta ne.

Malamin Asibiti:

Salam. Ni ma'aikacin jinya ne, na yi shekaru a santir wato ƙaramin asibiti na ƙauye kafin a dawo da ni gari, bari in ɗan warware muku don Maman Biyu da Ɗan Kusiri duk gaskiya suka faɗa, kowa gefen da ya gani ne.

Ango, tambayarka ta yaya abin da ya ci babur zai koma 6000, amsar ita ce ba 6000 ɗin ne kuɗin aikin ba. Naka kason ke nan kawai, ragowar wasu ke biya. Tsarin ya fara a 2015 a yankuna 3 na arewa, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, saboda a nan ne mata suka fi haihuwa a gida kuma suka fi rasa rai wurin haihuwa, kuɗin kuma da tallafin Faransa da Jamus aka kafa shi ta hukumominsu AFD da KfW tare da gwamnati. Kuma ka tuna mata 10 in sun saya ba duka ne za a yi wa aiki ba, yawanci lafiya suke sauka, to kamar adashe ne ta wani fannin, kowa ya zuba kaɗan wadda abin ya zo wa da gardama ta ɗauka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mu a asibiti ba a ba mu kuɗin a gaba. Mace ta zo da shek, mu yi mata komai da maganinmu da safarmu da zarenmu, ƙarshen wata mu cika takardu mu tura, a zo a duba rajista a tabbatar da gaske an yi aikin, sannan a biya mu. In biyan ya zo kan lokaci lafiya lau. In ya yi jinkiri wata da watanni, kuma yana yi, to farmasin asibiti da kuɗin da ya shigo ne yake sake sayo magani daga asusun lafiya na yanki, wanda shi ma daga babban rumbun magunguna na ƙasa wato CENAME yake ɗauko yawancin kayansa, ka ga an fitar da kaya ba a mayar da kuɗi ba sai kanta ta bushe. Ranar da Ɗan Kusiri ya je ke nan. Ba ina wanke kowa ba ne, akwai abokan aikinmu marasa tsoron Allah da magani na nan amma su ce babu don su sayar maka da nasu na cikin aljihun riga, wannan ma yana faruwa kuma abin kunya ne. Hanyar gane su ɗaya ce, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi a hannu ba a kes wurin biyan kuɗi ba kuma ba rasit, ka ce cikin ladabi kana son ganin majo ko shugaban santir. Sau da yawa nan take maganar ke canzawa.

Maganar jini kuma ba kuɗi ba ce kawai, jinin ne babu. Mutanenmu ba sa bayarwa sai nasu ya kwanta, shi ya sa ake cewa ka kawo madadi. Ni shawarata tun tana wata 7 ka san rukunin jininta, yana rubuce a karne bayan gwajin farko, ka yi magana da 'yan'uwa 2 ko 3 su zama cikin shiri wayarsu a kunne.

Sai batun CSU da abokinka ya faɗa. An ƙaddamar da kashi na farko a watan Afrilu 2023 a Mandjou kusa da Bertoua, ministan lafiya Manaouda Malachie ne ya buɗe, kuma shek sante yanzu a ƙarƙashinta yake, wato ba kishiyoyi ba ne, mai ciki dai 6000 ɗin nan za ta biya. Mutane suna jin sunan sai su ɗauka kowa da kowa an ɗauke masa kuɗin asibiti, a'a. Abin da ke ciki a yanzu: ganin likita kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, maganin zazzaɓin sauro ga yaran nan, maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki, sai wankin ƙoda da ya dawo 15000 a shekara alhali da 5000 ake biya kowane zama, wanda duk mai ɗan'uwa da ke zuwa wankin ƙoda a Garwa ko Marwa sau 2 a sati ya san ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wasu daga ciki ma tsofaffi ne aka tattaro wuri ɗaya, maganin zazzaɓi na ƙananan yara tun 2011 aka ce kyauta ne, mai tsanani kuma 2014. Amma kai ango in taifot ta kama ka gobe ko ka faɗi a babur, ko tsohuwarka hawan jini ko sukari, wannan aljihunka ne tsaf. Shi ya sa har yau wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga hannun iyalai yake fita.

Abu na ƙarshe da mutane ke kuskurewa, asibitocin nan hawa-hawa ne. Akwai santir na unguwa ko ƙauye wato CSI, sama da shi CMA, sai asibitin distirik, sai na yanki. Ciki mai lafiya a santir ake binsa, can layi ya fi sauƙi kuma sun fi saninta. In sun ga alamar matsala, hawan jini ko kumburin ƙafa da fuska ko yaro bai kwanta daidai ba, su za su rubuta takardar turawa zuwa sama kuma da takardar nan shek ɗinta ke bin ta. To tun yanzu ka tambaye su, in abu ya rikice cikin dare ina kuke turawa kuma da wace mota? Tunda na fari ne kada a zauna da naƙuda a gida ana jiƙe-jiƙe sai ta galabaita, ciwon kai mai tsanani ko ganin duhu-duhu ko jini ko kaɗan ne a taho a lokacin, jijjiga ba ta sallama.

Hajiya Inna:

Ɗana ka ji maganar malamin nan ka riƙe. Ni jikokina 5 da takardar nan aka haife su a Ngawundare, uku ba mu ƙara komai ba biyu mun sayi ɗan magani a waje. Abin da nake sa 'ya'yana su yi, duk sati su ajiye ko 1000 ne a Orange Money ko wurin uwar adashe har watan haihuwa, in ba a taɓa ba ai ga ragon suna an rage hanya. Ku maza kun iya tanadin atamfar fitar suna da goro tun ciki na wata 4 amma na asibiti sai ku ce Allah zai kawo. Kuma ka raka ta awon farko da ƙafarka, ba abin kunya ba ne, yarinya ce in an yi mata bayani da faransanci rabin maganar a can za ta bar shi. Gidan sauro ma a wurin awo ake ba su kyauta ka tabbata ta karɓo kuma ta shiga, ba a kai shi lambu a rufe yakuwa ba.

Ɗan Kusiri:

Hajiya kin gama da mu 😂 wlh ni ma shadda na fara saya. Malamin asibiti na gode da bayani, amma fa wanda matarsa ke kan gado ba ruwansa da wa ya riƙe kuɗin wa, su biya ku kan lokaci mana tunda sun iya zuwa rediyo.

Ango_Garwa:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya na ji kuma in sha Allahu ranar Litinin zan rufe shago mu tafi tare. Na tambayi matar yayan nawa ashe kuwa ba ta saya ba, a gida ta so haihuwa sai da abu ya ɓaci. Saura tambaya ɗaya malam, al'adarmu haihuwar fari gidan iyayenta za ta je goyon ciki kuma su a Gidar suke, in na saya a nan Garwa zai yi aiki a can ko sai na sake sayen wani?

Malamin Asibiti:

Kada ka bari sai ta tafi. Ranar Litinin ɗin kafin ka biya ka gaya wa sajfam cewa a Gidar za ta haihu, su faɗa maka asibitin da ke karɓar shek a can da yadda za a yi da takardunta, in ya fi sauƙi ta ƙarasa awon wata 8 da 9 a wurin da za ta haihu don su san ta tun kafin ranar. Kuma kada a sa ta a mota kan hanyar nan ciki ya riga ya sauka, ta tafi da wuri.