Mu biyar, sati uku, Kano zuwa Kumasi ta mota: waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka yi da kuɗi?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne, abokai tun sakandare, huɗu daga cikinmu muna gab da gama bautar ƙasa. Kafin kowa ya shiga yawon neman aiki muna so mu saɓa jakunkunan goyo mu bi ta ƙasa: Kano zuwa Legas, mu tsallaka Seme mu shiga Kwatano, daga nan Lome, Akra, mu ƙare a Kumasi, sannan mu juyo. Sati uku muka yanka.

Matsalar ita ce aljihunmu ba ɗaya ba ne. Uku mun ɗan tara wani abu daga alawus ɗin 77,000, ɗaya mahaifinsa yana da shaguna a Kwari, ɗaya kuma abin da yake samu gida yake kai wa. Shin mu yi karo-karo a asusu ɗaya, ko kowa ya riƙe nasa? Kuma ina ne kuɗi ya fi zurarewa a wannan hanyar?

Bagobiri:

Wa alaikumus salam. Abu na farko, duk wanda ya ba ka lissafin kuɗin mota, tambaye shi yaushe ya yi tafiyar. In kafin 29 ga Mayu 2023 ne, ranar da aka cire tallafin mai, ka yi masa godiya ka ajiye lissafinsa gefe. Ku taka da ƙafarku zuwa Sabon Gari inda manyan motocin Legas suke lodi ku ji farashin wannan satin. Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ce, ita ce mota mafi tsada a duk tafiyar, kuma sau biyu za ku biya ta.

Abin da ya cece mu: kuɗin dawowa daga Legas zuwa gida ba mu ɗauke shi ba sam. Kowa ya bar nasa a asusun banki a naira. Da naira za ku biya wannan motar, to me zai sa ku canza shi zuwa sefa, ya koma sidi, kuɗin Gana, ya sake dawowa naira, ɗan canji yana gutsura a kowane juyi? Kuma abin da ba ya cikin aljihunka a kasuwar Lome ba za ka sayi takalmi da shi ba.

Ma'ajin Dole:

Ɗan'uwa, ni aka ɗora wa riƙon kuɗi a tamu tafiyar, don haka bari in daɗe a nan.

Ku yi asusu ɗaya, amma ku yanke tun a gida abin da asusun zai biya da abin da ba ruwansa da shi. Namu yana biyan mota, ɗakin kwana, ruwan sha, karin kumallo da abincin dare. Abincin rana, data, tsaraba, nama, lemo, kowa da aljihunsa. Mun zaci mun gama magana. Ashe ba mu faɗi me ake nufi da karin kumallo ba.

A wurin wani mai shayi a Lome abin ya fito. Ɗaya daga cikinmu kullum ƙwai uku, da madara, da burodi mai man shanu. Wani kuma shayi baƙi da rabin burodi, ba don ba ya jin yunwa ba, sai don kunya, shi ne ya fi kowa wahalar haɗa kasonsa, yana ganin kamar in ya ci da yawa an ci da shi. Ina zaune a kan benci da littafi a cinyata ina rubutawa, ina kallon mai ƙwai uku yana ce wa mai shayi ya ƙara albasa, mai shayi baƙi kuma ya kawar da kai yana kallon titi. Kuɗinsu ɗaya a asusun. Babu wanda ya ce uffan, amma da muka shiga mota ba su zauna kujera ɗaya ba.

Daga ranar na canza tsari. Kowace safiya in ba kowa kuɗin abincinsa na yini a hannu, daidai wa daida. Ka cinye da safe, ruwanka. Ka rage ka sayi hula, ruwanka. Asusu ya koma mota da masauki kawai. Rigimar abinci ta mutu a nan.

Sai maganar ɗan gatanku. Ba mugun nufi gare shi ba, amma shi ne zai ce ɗakin nan akwai zafi a nemi mai AC, shi ne zai ce a ɗauki shatar tasi a daina jiran motar haya ta cika. In kun bi shi da kuɗin asusu, talakan cikinku ne ya biya jin daɗin mai kuɗi. Dokarmu ita ce asusu yana biyan farashin ƙasa, wanda yake son ƙari ya cika daga aljihunsa, kuma ba a yi masa gori. Shi kuma abokinku mai ƙaramin ƙarfi, in za ku taimaka masa ku yi tun a Kano, a ɓoye, kuma ku ce kyauta ce. Kada ku bari sai a tasha a gaban kowa a ce "bari in ranta maka".

Kowane dare kafin barci ina ɗaukar hoton shafin lissafi in tura a WhatsApp ɗinmu. Ba wanda yake karantawa. Amma saboda yana nan, ba wanda ya taɓa tambayata ina kuɗi suka shiga.

Hajiya Mai Atamfa:

'Ya'yana, Allah ya kai ku lafiya. Ni wannan hanyar ta Kwatano da Lome kasuwanci ne yake kai ni, ba yawon buɗe ido ba, amma boda ba ta tambayar abin da ya kawo ka.

Boda uku ce gabanku: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo in za ku shiga Gana. Kowacce fita da shiga, dawowa ma haka. Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza har kwana 90, wannan doka ce. Amma ku tafi da fasfo mai rai da katin rigakafin cutar shawara, wanda muke cewa yalo kad. Wanda ba shi da katin nan shi ne abincin ranar. Kuma ba zan faɗi wace boda ba, amma na ga an juya sabon fasfo da ba a taɓa buga masa hatimi ba, an ce sai an sa masa albarka. Ku ware ɗan wani abu na wannan, ƙananan takardu, a aljihun gaba. Kada ka zaro damin kuɗi a gaban tebur, abin da ido ya gani shi ake yanka wa farashi. Ku yi sallama, ku yi haƙuri, kada mai digirin cikinku ya fara karanto musu doka alhali direba yana jira.

Canji kuwa, a boda ku canza kaɗan, iya na mota da ruwa. Sauran sai cikin gari, a Zangon Kwatano 'yan uwanmu ne suke yi, da Hausa za ku yi ciniki. Ƙirga a gabansa, ka duba kowace takarda, don yagaggiyar sefa mai shago zai mayar maka da ita. Sefa ɗaya ce a Benin da Togo, kuma an ɗaure ta da yuro, 655.957 a yuro ɗaya, ba ta rawa. Nairarmu ce mai rawa. Saboda haka in kun tabbata za ku tafi, kada ku riƙe naira kuna jiran ranar da za ta yi daraja. Kuma ku roƙi ɗan canji ya haɗa muku da ƙananan kuɗi. Ka miƙa wa mai babur takardar dubu goma, kai da shi sai ku zagaya unguwa neman canji.

Abu na ƙarshe, biyar ba adadin tafiya ba ne. Ɗaki biyu ya yi muku kaɗan, uku ya yi yawa. Tasi ta cikin gari huɗu take ɗauka cikin mutunci. A Kwatano ma babura ne, zemijan masu rawayar riga, kowa da nasa, duk inda za ku je kuɗi sau biyar ne. Ko ku nemo na shida, ko ku sayi tabarmar roba mai naɗewa ku riƙa karɓa-karɓar kwanan ƙasa.

Na Maraɗi:

Ƙari kan maganar Hajiya: in mai abinci ɗan wajenmu ne a Zango ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi, dala ɗaya sefa biyar ce. Ku tambaya a rubuta muku a waya kafin ku ci.

Baban Zango, Kumasi:

Sannunku da niyya, muna maraba. Kakanninmu ma da ƙafa suka zo neman goro Gwanja, ku da mota za ku zo.

Na san abin da yake ranku: in mun isa unguwar Nima a Akra ko Aboabo a nan Kumasi akwai Hausawa, masauki kyauta. Gaskiya ne ba za a bar ku a waje ba. Ni kaina samari daga Katsina sun sauka a gidana. Amma ku sa wannan a lissafi, kada ku rubuta sifili. Baƙo ba ya shiga hannu rabbana. Kilishi, turare, hula zanna, yajin ƙuli, waɗannan a wajenku ba su da tsada, a nan kuwa ana ganin girmansu. Ran tafiya kuma a damƙa wa uwargida wani abu, ita ce ta tashi da asuba ta ƙara tukunya saboda ƙarti biyar. Za ta ce a'a, ku ajiye mata ta hannun yaro. Kwana biyu ko uku ya isa a gidan mutum, in za ku wuce haka ku koma gidan baƙi.

Abinci ba zai kashe ku ba in kun ci inda muke ci. Koko da ƙosai da safe, wace da rana, wato shinkafa da wake irin namu, tuwon zafi da dare. Ku hau toro-toro, wato ƙananan bas na haya, ku bar tasi. Inda sidi yake tafiya shi ne wuraren kallo. Tsofaffin gidajen tsare bayi na Kef Kos da Elmina, da gadar igiya ta dajin Kakum, farashin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma ku baƙi ne ko da kun iya gaisuwa da Tuwi, yaren mutanen Kumasi. Ku zaɓi ɗaya ko biyu.

Kuma kada gabanku ya faɗi in wata tsohuwa a kasuwar Kejetiya ta Kumasi ta ce muku abu miliyan ɗaya ne. A 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma manya da yawa har yau da tsohon lissafi suke magana. Miliyan ɗinta sidi 100 ne. Ɗaya daga cikin Katsinawan nan ajiye zanen ya yi ya kama hanya, sai da na jawo shi.

Sarkin Gardama:

Ni dai da izinin Ma'aji, ban yarda da asusu ɗaya ba. Mu mun yi, ba ta wannan hanyar ba, ta Jos, Yankari har Yola. A wata tasha aka yanke jakar mai riƙe mana kuɗi da reza, ba mu ankara ba sai da muka zo biyan ɗaki. Kuɗin mutum huɗu a aljihu ɗaya. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne yaron ya dage sai ya biya mu, mu kuma muna cewa ƙaddara ce, har yau in mun haɗu sai ya tayar da maganar. Kowa ya riƙe nasa, in an zo mota a tattara, in an zo ɗaki a tattara. Wahalar minti biyu ce.

Ma'ajin Dole:

Allah ya mayar da alheri, Sarki. Amma minti biyun nan sau goma a yini ne, kuma kullum akwai wanda ba shi da canji, "biya mini zan ba ka", daga nan bashi yake farawa. Abin da na yi, kuɗin kwana biyu kawai nake riƙewa. Sauran yana jikin masu shi, in ya ƙare kowa ya sake zuba daidai. Ko an yanke ni, na kwana biyu aka yanka.

Nas Ɗan Zariya:

Ba wanda ya ambaci ciwo. A Akra zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ɗaya daga cikinmu. Gwaji da magani ba su ne suka ci kuɗi ba. Zaman ne. Shi yana kwance, mu duka muna biyan ɗaki da abinci a garin da ya fi ko'ina tsada a hanyar, ga ranakun da muka ware wa Kumasi suna ƙonewa. Sai aka fara ƙus-ƙus, wasu su wuce a bar mutum ɗaya da shi, ko a jira. Wanda aka bari wa zai biya masa ƙarin kwanan?

Ku zauna ku amsa wannan tambayar yanzu da kowa yake da lafiya. Mu daga baya muka yarda cewa ciwon mutum ɗaya na kowa ne. Ku ware kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da kuka tara, ku sa masa suna kuɗin tsautsayi, kada a taɓa shi don an ga agogo mai kyau. Ku sayi gidan sauro biyu, farasitamol da gishirin ORS tun a gida. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga da dabino ma ku cusa a jaka, ranar da mota ta lalace a daji za ku yi mini addu'a.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, iyaye da yayye. Jiya mun zauna. Mun ɗauki tsarin Ma'aji na kwana bibbiyu, kuɗin Legas zuwa Kano zai zauna a banki, Kakum mun cire, Elmina ta tsaya. Ɗan Kwari ya yi dariya da aka karanto maganar AC, ya ce shi zai sayi tabarmar amma ba zai kwanta a kanta ba.

Sabuwar matsala: ashe mai ƙaramin ƙarfin namu ba shi da fasfo, kunya ta hana shi faɗa. Mun duba, tun Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Hajiya, akwai mafita?

Hajiya Mai Atamfa:

Akwai takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, a ofishin shige da fice ake yin ta, ba ta kai fasfo tsada ba, kuma ta isa duk ƙasashen nan uku. Ya je gobe da safe ya tambaya da bakinsa, kada ya bi ta hannun ɗan kamasho. Ku huɗun ku raba kuɗin, ɗaya ya kai masa gida bayan isha'i. Yalo kad ɗin ma ku yi shi a satin nan, allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.