Neman shawara: ina zan sami littafin Leo Africanus na gaske?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum malamai. Don Allah a agaza min. Ina digiri na biyu a Tarihi, aikina kan abin da Leo Africanus ya rubuta game da Kano da Katsina a littafinsa na bayanin Afirka, da yadda Turawan ƙarni na 16 suka karance shi. Da farko tarihin fatauci na so yi, aka ce wani ya riga ni, aka sauya min mai duba aiki, sabon ya ce in koma wannan, ga shi ana son babi na biyu kafin ƙarshen zango. Na nemi littafin a katalog ɗin ɗakin karatunmu babu, na tambayi ma'aikata sun ce babu. Wanda ke wayata nake kafa hujja da shi, malam ya ce bai yarda ba.

Malam Mai Katalog: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi wane bugu ne a wayarka ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Al-Hasan al-Wazzan, wato shi Leo Africanus ɗin, ya kammala littafin a Roma a 1526 da Italiyanci. Ramusio, wani mai tattara labaran tafiye-tafiye, ya buga shi a Venis a 1550, bayan ya gyara harshen ya yi ƙari da ragi. A 1556 fassarar Latin ta fito a Antwerp, John Pory kuma ya yi ta Ingilishi a 1600, galibi daga Latin ɗin nan mai yawan kurakurai. Ta Pory ɗin ce Ƙungiyar Hakluyt, mai buga tsofaffin littattafan tafiye-tafiye, ta sake bugawa a 1896 cikin juzu'i uku, ita ce ke yawo a Internet Archive, kuma ita nake zaton kake riƙe da ita. Magana ta bi hannu uku kafin ta iso gare ka.

Batun katalog, kada ka tsaya kan suna ɗaya. Rubuta "Leo, Africanus" da waƙafi, sannan "Wazzan", sannan "Jean-Léon l'Africain". Nemi sunan jerin Hakluyt shi kaɗai, don sau da yawa da shi ake shigar da juzu'an. In ɗakin na bin tsarin Laburaren Majalisar Amurka, duba kantar DT ta tarihin Afirka da G161. Ka buɗe tsofaffin durowoyin kati ma, ba duk tsohon littafi aka sa a kwamfuta ba.

Ɗan Fagge: E, ta 1896 ce. Amma Malam, manyan masana sun yi amfani da ita, na gani a rubuce-rubucensu. Kuma na riga na gina babin a kanta.

Malam Mai Katalog: Sun yi don ita ce a hannunsu. Rubutun hannun 1526 yana babban ɗakin karatu na ƙasa a Roma, lambarsa V.E. 953. Amadori ya buga shi a 2014, Penguin kuma ta fitar da fassarar Ingilishi daga gare shi a 2023. Sayi wannan, ka ajiye Pory.

Hajiya Malama: Malam, a nan ban bi ka ba. Yaron nan cewa ya yi yana nazarin abin da Turawa suka karanta. Galibinsu ba su ga rubutun hannun ba, Ramusio da Latin da Pory suka gani, don haka Pory hujja ce a aikinsa, ba abin yarwa ba. Ɗana, ja layi uku a takarda: rubutun hannu, Ramusio, Pory. Ɗauki kashi na bakwai na littafin, inda Gobir, Kano, Katsina, Zazzau da Zamfara suke, ka gwama jimla da jimla. EDIT16 da USTC, katalog ɗin tsofaffin littattafai a intanet, kyauta ne, za su nuna maka bugu-bugun ƙarni na 16 da inda kwafinsu yake. Ka lura da shekarar da ke bangon Ramusio, an maimaita buga shi, lambar shafi na iya sauyawa.

Bamaraɗe: Duk wannan sai da wuta da intanet. Ɗakunan karatu nawa ne ke sabunta rajistar mujallu? Aro tsakanin jami'a da jami'a a takarda kawai yake, ɗalibi shi ke biyan kuɗin mota da na hoto. In kana jin Faransanci, nemi fassarar Épaulard ta 1956, juzu'i biyu, bayananta na ƙasan shafi sun fi na kowa amfani.

Malam Mai Katalog: Fassarar Épaulard ta gauraya Ramusio da rubutun hannun, ba za ka san kalmar wa kake karantawa ba. Hanya mafi kusa: littafin Hunwick na 1999 kan Tumbutu da daular Songhai na ɗauke da fassarar sashen ƙasar Hausa da Borno. Karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka gwada ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya da Gidan Arewa a Kaduna, amma ka tambaya kafin ka hau mota. Buɗe asusun kyauta a JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, ka karanta maƙalar Humphrey Fisher ta 1978, wadda ta yi shakkar labarin cewa Askiya, sarkin Songhai, ya ci ƙasar Hausa da yaƙi.

Ɗan Fagge: Na gode. Sai dai ba na jin Italiyanci ko Faransanci, kuɗin sabon bugu babu, kuma sake babin zai cinye zangon. Ba zan iya barin ta 1896 in ƙara bayani a gabatarwa ba?

Hajiya Malama: Me malamin naka ya ƙi takamaimai, bugun ne ko yadda ka kafa hujja da shi? Har yanzu ba ka faɗa mana ba.

Ɗan Fagge: Cewa kawai ya yi bai yarda ba. Akwai mai hoton shafukan Hunwick ya turo min?