Yaron da ya fi ajinsa sauri, me za a yi masa a gida?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yaro ne ɗan shekara takwas, aji uku, yakan riga kowa gama aiki, sai ya koma tsokanar na kusa da shi. An ce a tsallakar da shi aji biyu. Ya kuke gani?

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku bi a sannu. In ya tsallake biyu, yana ɗan 15 zai gama sakandare, alhali shekara 16 aka ƙayyade wa shiga jami'a. Ku zurfafa masa a gida kawai. Minti ashirin bayan la'asar, tambaya guda mai wuya ta ishe shi, kamar ya tara 1 zuwa 100 ba tare da bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Kada a faɗa masa amsa ko zai kwana uku a kai. Ranar da ya lura 1 da 100, 2 da 99, duk 101 suke bayarwa, har gida hamsin, da kansa zai fito da 5050. Ƙara masa irin aikin da ya riga ya iya kuwa, horo zai ɗauke shi, gobe ya fara ɓoye iyawarsa.

Malamar kimiyya: Haka ne, Malam. A haɗa masa da aikin hannu: gwangwanin madara biyu, a huda gindinsu don ruwa ya tsiyaye, a zuba ƙasa a shuka wake uku a kowanne, ɗaya a taga, ɗaya cikin kwali mai duhu. Kullum da safe ya auna da rula ya rubuta, mako biyu. Na duhun zai zarce da tsawo, siriri, ɗorawa-ɗorawa. A bar shi ya nemo dalili.

Wani dattijo: Dara ma kada a raina ta. Sannan a daina kiransa gaban baƙi ya nuna bajinta. Yaron da kullum ake ce masa "gwani" yakan guji abu mai wuya don tsoron kunya, ga ƙannensa suna kallo. A yabi haƙurin da ya yi da aikin.

Malamin lissafi: In ya kai aji shida, ku sa ido kan jarrabawar NECO ta shiga makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja. Jigawa ma tana da tata a Bamaina.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Waken, sai an jiƙa kafin a shuka?

Malamar kimiyya: A'a, ƙasar dai ta yi danshi, kada ta yi caɓi.