Tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka

Malamin Turanci: Assalamu alaikum. Yau a aji ina koya wa yara bambancin "hope" da "wish". Kullum nan suke tuntuɓe, domin da Hausa duk biyun sai su ce fata. Na ce musu "hope" ta abin da ake ganin zai yiwu ce, kamar ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka ce kana fata a yi ruwa. "Wish" kuwa sai in mai magana ya san abin da wuya, ko ma ba zai samu ba, shi ya sa aikatau da ke bin ta yake zuwa da siffar abin da ya wuce ko da ba maganar jiya ake ba. Daidai take da mu ce "ina ma a ce". Sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan ita ce tsammanin warabbuka?" Na ce mata ta ba ni zuwa gobe. Tun da na dawo gida abin yake cina. Ta yi daidai ko kuwa?

Baba Manomi: Wa alaikumus salam, Malam. Ai sai an ƙarasa karin maganar ake ganin inda ta dosa: tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Mu manoma mun san lissafin. Abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Abin da aka sha wahalar ban ruwa, ɗaya bisa ashirin. To shi wannan malamin ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi da iri ya fita, shi yana zaune a zaure yana ƙirga damman mutane: wane zai samu dami ɗari, goma nawa ne, wane zai samu hamsin, biyar nawa ne. Gero bai ko tsiro ba ya riga ya cika rumbunsa a zuci. In aka yi fari, ko fara ta sauka, ko manomin ya ga wani ya fi shi buƙata, shi ke nan. Damina kuma ba ta dawowa don wani ya makara.

Tsohon Gardi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni karin maganar nan tana sosa mini rai, saboda yadda ake jifan malamai da ita. Na yi shekara 9 a tsangaya. Malaminmu da kansa yake riƙe fartanya. Ranar Alhamis da ba a karatu, tun da sassafe muna gonarsa, daga shuka har noman fari har maimai, kuma abin da aka girbe shi muke ci mu da iyalinsa. Da rani ne ake fita ci-rani, bayan an kai amfani gida. Haka na san malaman karkara. Sannan aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, babu malami a ciki don malantarsa, sai in ya shiga sahun fakirai ko miskinai ko mai bashi. Duk wanda ya yi karatu ya san haka. To wane malami ne zai ƙi noma?

Baba Manomi: Ɗana, ka ba da amsar da bakinka. Don abin ba a saba ganinsa ba ne ya zama karin magana. Da a ce kowane malami haka yake, wa zai yi mamaki har ya riƙe maganar?

Uwar Biyar: Ni dai ban taɓa jin an faɗe ta a kan malami na gaske ba. A kan ɗana na ji ta, daga bakin kakarsa. Ya gama bautar ƙasa, wani ɗan uwan mahaifinsa ya ce ya kawo takardunsa, zai sama masa aiki a wata ma'aikata. Yaron nan ya kai. Maƙwabcinmu mai gyaran waya ya ce ya zo shago ya koya kafin aikin ya fito, ya ce a'a, kar a kira shi yana cikin wani abu. Wallahi duk ranar Lahadi da dare sai ya goge farar shaddarsa ya rataye a bayan ƙofa, wai ko za a kira shi Litinin. Wayarsa ba ta rabuwa da caji. Shekara 2 muna haka, har wuyan rigar ya fara rawaya ba a sa ta ba. Ranar da kakarsa ta ce masa "kai dai tsammanin warabbuka kake", bai ci tuwo ba. Ni ma na yi kuka a ɗaki, domin ina cikin masu ce masa ya ƙara haƙuri. Bayan sati ya tafi shagon. Yanzu shi yake sayo mana gas.

Ɗalibar Hausa: Mama, Allah ya ƙara masa buɗi. Labarin nan naki shi ya sa nake ganin ɗalibar Malam ta kusa amma ba ta dace ba. Malam, da kanka ka ce mai "wish" ya san abin da wuya. Wanda ya ce "ina ma ina da mota" ba zai fita ya sayi fetur ba. Amma ɗan Mama rigarsa yake gogewa. Malamin cikin karin maganar ma bai yi shakka ba ko kaɗan, ya sakankance zakka za ta zo, shi ya sa ya ajiye fartanya. Ke nan ba buri ne na bakin baka ba, sa rai ne mai ƙarfi, har mutum ya gina shekararsa a kansa. In dole sai an ba ta gida a Turanci, ta fi kusa da "expect".

Kuma mu ma ba mu rasa wannan rarrabewar ba, yaran ne ba a nuna musu. Fata daban, tsammani daban, zato daban, buri daban. Har lokaci mai zuwa iri biyu gare mu. "Zan zo" alkawari ne. Amma in mutum ya ja muryarsa ta sauka ya ce "nâ zo", ko "mâ gani", ko "kâ ji a jikinka", ya bar ƙofa a buɗe, abin zai iya faruwa, bai ɗaure kansa ba. A rubutun yau da kullum ba ma sa alamar karin sauti, shi ya sa "na zo" ta jiya da "nâ zo" ta gobe suke kama da juna a takarda, amma kunne ba ya ruɗewa. Sai kuma "da", wadda ita ce ta abin da bai auku ba: da na shuka da na girba.

Tsohon Gardi: Wannan "da" ɗin ita hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya yi gargaɗi a kanta, cewa tana buɗe aikin Shaiɗan. Amma ni har yanzu kalmar warabbuka ce damuwata. Larabci ce, "kuma Ubangijinka", da ita ayoyi da dama suka fara, kamar aya ta 68 a Suratul Ƙasas. In an ce tsammanin warabbuka abin zargi ne, ba a taɓa tawakkali ba kuwa? Wa za a yi tsammani in ba Ubangiji ba?

Ɗalibar Hausa: Yaya, yadda nake fahimtarta, bakinsa ne yake cewa warabbuka, idonsa yana kan rumbun maƙwabci. Ai hadisin mai raƙumi da Tirmizi ya ruwaito ya raba gardama: aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Tsuntsayen da aka buga misali da su a wani hadisin na tawakkali ma sai da suka yi sammako da yunwa kafin su dawo a ƙoshe.

Tsohon Gardi: Na karɓi wannan, ƙanwata. Amma ina nan a kan bakana cewa bai kamata a faɗe ta a gaban malami ba, ko da ba da shi ake ba.

Uwar Biyar: Wannan gaskiya ne. Daga sama take saukowa. Kaka ta faɗa wa jika, uba ya faɗa wa ɗa, aboki ya faɗa wa aboki. Da ni na ji ɗana ya faɗa wa kawun nan nasa, da sai ransa ya ɓaci. Kuma ba a faɗa wa wanda ya yi iya ƙoƙarinsa yana jiran sakamako. Wanda ya shuka yana jiran ruwa, sai dai a ce masa Allah ya ba da damina mai albarka.

Malamin Turanci: Na gode ƙwarai, duk kun buɗe mini ido. Gobe in sha Allahu zan rubuta jimla uku a allo: manomin da ya shuka yana fata a yi ruwa, wanda ba shi da gona yana cewa ina ma yana da ita, da mai gonar da ya bar ta saura yana tsammanin zakka. Su juya kowace zuwa Turanci. Yarinyar nan zan fara kira. Mama, in kin yarda zan ba su labarin rigar, ba tare da na ce ta wane ce ba.

Uwar Biyar: Ka ba su, Malam. Rigar tana nan, ita ya sa ranar ɗaurin auren ƙanwarsa.